Yatsa Biyu a Ƙafar Hagu

Aikina rubutu ne tun kafin in san ana iya jin daɗinsa. Ni ne sakatare a meri, wato buro ko ofishin magajin gari, a wani gari da ke yankin Mayahi. Takardar haihuwa, takardar aure, takardar sayen gona, sanarwar taro, duk ta hannuna suke bi. In na rubuta na buga tampo, wato hatimi, magana ta zauna. Akwai dattawan da ba su san shekarunsu ba sai da na faɗa musu, kuma tun daga ranar ba mai yi musu gardama. Wannan ya sa kaina ya ɗan yi girma, ba na musu. Mutum in ya daɗe ana karɓar takarda daga hannunsa da hannu biyu, sai ya fara jin kamar shi ya ƙirƙiro alƙalami.

Shekarar da rezon waya ya fara kama garinmu da kyau, har na huta da jan ƙafata mai ɗingishi zuwa tudun bayan lakwal, makarantar bokon garinmu, don in yi kira, na buɗe shafi a intanet, irin wanda ake ce wa bulog. Wuri ne da mutum ke rubuta abin da ya ga dama, duk mai salula ya shiga ya karanta, in ya so ya bar magana a ƙasa. Na ce da Hausa zan yi, faransanci ya ishe ni a wurin aiki. Ashe buron ya biyo ni har cikin Hausar.

Rubutuna na farko a kan damina ne. Har yau ban goge shi ba, ina ajiye da shi don ranar da girman kai ya motsa. Ga yadda ya fara: "Bisa la'akari da muhimmancin ruwan sama ga al'ummar karkara, muna masu farin cikin sanar da masu karatu cewa damina ta kankama a sassa daban-daban." Ni kaɗai ne a ɗakin, amma "muna" na rubuta. Da safen nan na tsaya cikin ruwa har takalmina ya cika da taɓo, na ga maƙwabcina ya fito da sungumi a kafaɗa yana dariya shi kaɗai, na ji ƙamshin ƙasa har cikin ƙirjina. Duk wannan na tattara shi na kira shi "yanayi mai gamsarwa". Da na gama na karanta sau uku, na ga ba abin da ya rage sai tampo.

Masu karatuna a lokacin uku ne. Akwai ni, akwai ni kuma ta salular maiɗakina, sai taubashina.

Taubashin nan ɗan Gwaggo ne, ƙanwar mahaifina. Ya girme ni da shekara biyu, tela ne a Tasawa, shagonsa yana kusa da tasha a ƙarƙashin wani itacen bedi, ƙofar shuɗiya. Ɗan mace da ɗan namiji ke nan, tsakaninmu ba kunya, ba fushi. Shi yana kirana bawansa, ni ina kiransa bawana, kuma har yau dangi ba su yanke hukunci ba. Ranar ɗaurin aurena ya zauna gaban surukaina ya rantse musu cewa tsoron zakara nake ji. Ranar sunan ɗana na fari ya janye kwanon naman daga gabana ya ce bawa ba ya ci sai ubangidansa ya ƙoshi. Sanƙona, tabarona, babur ɗina mai tari, yadda nake murɗa baki in zan yi faransanci, ba wanda ya bari. Shi ke yi mini ɗinki tun ina yaro, ban san shagon wani tela ba. Kuma bai taɓa sa mini metir ɗin awo a jiki ba. In na kai yadi sai ya kalle ni sama da ƙasa ya ce in tafi, ya san girman bawansa.

Shi bai yi nisa a lakwal ba, ya bari ya hau keken ɗinkin mahaifinsa, amma yana karanta Hausa a hankali, yana bin layi da yatsa. Ba ya rubuto amsa, murya yake turowa. Washegarin rubutun damina na ji salula ta yi ƙara.

"Kai bawa, na karanta abin nan naka. Wa ya mutu? Na kai layi na ukku barci ya ɗauke ni bisa keke, saura kaɗan in ɗinke yatsana. Wanga ba kai ba ne, parfe ne, babban ma'aikacin gwamnati, ya ari bakinka."

Na ji haushi, amma ba dama, taubashi ne. Na ci gaba da nawa. Na yi rubutu a kan tsaftar muhalli, na yi a kan muhimmancin ilmin ƴaƴa mata, na yi a kan zaman lafiya tsakanin manoma da makiyaya. Duk gaskiya ne abin da na faɗa, kuma ko wanda ya fi kowa son gaskiya ba zai iya kai ƙarshensu ba. Kowane mako muryar tana zuwa. Wani lokaci tambayata yake ko za a raba goro bayan jawabin. Wani lokaci hamma kawai yake yi mai tsawo, ya kashe.

Wata ranar kasuwa na shiga Tasawa na zauna a bencin shagonsa. Muka shafe kusan awa muna yankar juna, har masu jiran mota suka taru suna dariya. Na ba su labarin yadda ya taɓa bin tsohuwar akuyar Gwaggo da gudu har ya faɗa rijiyar da ba ruwa, akuyar ta tsaya a baki tana leƙensa. Wani dattijo ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Da mutane suka watse, taubashina ya tsayar da keke ya dube ni.

"Ka ji bakinka kuwa? In kana cin mutuncina, ko mai kiran salla tsayawa yake ya saurara. In ka ɗauki bik ɗin rubutu kuma sai ka koma ƙohwar buro. Mi ya hana ka rubuta kamar da ni kake?"

Na ce ya ci gaba da ɗinkinsa, don ba a yarda da maganar taubashi a gabansa. Amma a kan babur, duk tsawon hanyar komawa gida, maganar tana cina.

Daga nan na canza yadda nake aiki. Bayan la'asar sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in rubuta a kaye, littafin rubutuna, tukun, sannan in karanta da ƙarfi kamar yana zaune gabana da allura a baki. Duk jimlar da na san zai yi mata hamma, in soke ta. Duk inda na ce "muna", in tambayi kaina mu da wa. Farkon abin da ya fita ta wannan hanya labarin wata jar akuya ce da ta cinye sanarwar taro da na manna a bangon meri, taron da ya shafi hana sakin dabbobi a gari. Sai na direbobin tasha da "saura mutum ɗaya" ɗinsu, mutum ɗayan da ake jira tun hantsi har azahar. Sai na mai furar ƙofar buro, wadda ta fi ni sanin wanda zai yi aure da wanda zai sayar da gona, kuma ba ta da tampo. Maiɗakina da take daka a gefe ta fara tsayar da taɓarya tana saurare. Rannan na ji ta ƙyalƙyale da dariya, na ji wani daɗi da ban taɓa jin irinsa a buro ba.

Mutane suka fara shigowa. Malaman lakwal na Isawan, ƴan kasuwar Maraɗi, ƴan ci-rani daga Agadas da ma gaba da nan, masu cewa in sun karanta sai su ji kamar suna zaune a kasuwar Mayahi. Muryar taubashina ma ta canza, ko da yake bai taɓa cewa na iya ba. Iyakar yabonsa shi ne, "To bawa, yau ban yi barci ba."

Kan nan nawa da na ce muku yana da saurin girma, ya sake tashi.

Cikin azumi ne, zafi ya kai inda ya kai, ina kwance a zaure ina neman abin rubutawa. Maiɗakina tana guga. Ta ninka wandona ta ɗaga ta ce in duba, ƙafar hagu ta gaza ta dama da kamar yatsa biyu. Ta ce ta daɗe tana gani, duk wandunana haka suke. Muka fito da su daga akwati ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya saɓa. Na tafa hannu don murna. Shekara da shekaru mutumin nan yana yi mini alfaharin cewa idonsa ya fi metir, yau ga shaida a hannuna.

Na rubuta shi a zama ɗaya. Ban faɗi sunansa ba, amma na faɗi tasha, na faɗi bedi, na faɗi shuɗiyar ƙofa. Na ce akwai wani tela a Tasawa da ya rantse ba zai taɓa metir ba, da ido yake awo, kuma idon ɗaya ya fi ɗaya gani. Na ce ya taɓa ɗinka wa wani mutumin Isawan wando, ƙafa ɗaya doguwa ɗaya gajera, har yau mutumin bai isa gida ba, zagaye kasuwa yake yi. Na ce in ka kai masa shadda ka ce babbar riga, ka shirya karɓar rigar jariri da hular ƙato. Ni kaina da nake rubutawa ina riƙe ciki.

Maiɗakina ta saurara har ƙarshe, ta yi dariya, sannan ta ce, "Malam, ka rubuta a ciki cewa tobashinka ne?"

Na ce mata ai kowa ya sani.

Kowa ya sani a danginmu, da layinsu a Tasawa, da bencin shagonsa. Rubutun kuwa bai tsaya nan ba. Aka yi ta tura shi daga salula zuwa salula, ya shiga ƙauyukan da ban taɓa takawa ba. A bencin shago, in na faɗi irin wannan, ana ganin fuskata, ana ganinsa yana shirya ramuwa, kowa ya san wasa ne. A cikin salula ba fuska, ba ramuwa. Abin da na manta kuma shi ne hannun da ya rubuta. A ƙasarmu abin da sakataren meri ya sa a takarda ba a yi masa musu, ni na koya wa mutane haka da kaina.

Direban da ke bin hanyarmu zuwa Tasawa ne ya kawo mini labari. Wasu mata daga wani ƙauye a arewa sun kai wa taubashina atamfofin anko na biki, dukkansu iri ɗaya. Wani ya karanta musu rubutuna, suka yi hayar mota suka zo suka kwashe kayansu, har da wanda aka riga aka yanka. Babbarsu ta ce ba za su shiga gidan biki suna zagaye ba, kuma ba ƙarya a ciki tunda sakatare ne ya rubuta. Bayansu wasu mutum biyu suka karɓi shaddarsu. Cikin azumi ke nan, watan da tela ke haɗa abincin iyalinsa na rabin shekara. 

Da yamma muryarsa ta shigo, kuma dariya yake yi. "Kai bawa, ka kore mini mata mota guda. Ba laihi. Ka shirya, sai na sa ka bar garin nan da ramuwata."

Da na tsaya nan na jira ramuwar, da an gama. Amma tsoro ya kama ni, kuma ni in tsoro ya kama ni sakataren ne ke tashi. Na zauna a tebur ɗin buro na rubuta abin da na san yadda ake rubutawa. "Ana sanar da jama'a cewa bayanan da aka wallafa game da wani tela mazaunin Tasawa ba su da tushe. Mai wannan shafi ba shi da wata matsala da telan da ake magana a kansa, kuma yana neman afuwarsa bisa duk wata damuwa da hakan ya haifar." Na karanta na ga ya yi tsaf, na sake shi, na ji na sauke nauyi.

Murya ba ta zo ba. Kwana ɗaya, kwana uku, mako.

Na ɗauki shaddar sallata na hau babur. Da ya hango ni sai ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi mini ba. Ya ɗauki tsumma ya goge benci.

"Sannunku da zuwa, Malam Sakatare. Ya azumi? Ya iyali? Bismilla, ku zamna."

Na yi dariya na ce, "Kai bawa, yau kuma wane sabon iskanci ne?"

"Allah shi ba ku haƙuri," ya ce. "Wando da riga ne?"

Sai ya buɗe aljihun tebur ya fito da metir, sabo fil. Ya ce in miƙe. Ya auna kafaɗa, ya auna hannu, ya auna ƙugu, ya durƙusa ya auna ƙafar dama daga ƙugu zuwa idon sawu, kamar yadda kowane tela ke auna ƙafa ɗaya ya yanka biyu. Yana aunawa yana rubutawa a kaye. Na tsaya da hannuwa a buɗe, ina kallon saman kansa da ya fara furfura. Na jefa masa maganar akuyar Gwaggo, na jefa ta cin nama, ko ɗaya bai ɗauka ba. Ya ce in aiko jajibiri, ya raka ni har bakin babur, ya yi mini addu'ar sauka lafiya. An sha zagina a duniya, amma ban taɓa jin abin da ya yi mini ciwo kamar ladabin nan ba.

Ɗinkin ya zo ranar da ya ce. Ya yi kyau, ba zare ko ɗaya a waje. Maiɗakina ta ninka wandon, ƙafafun suka haɗu cif. Na ce to, ko ba komai na koya masa aiki.

Safiyar salla na sa. Ban kai ƙofar gida ba na ji diddigen hagu ya taka wani abu. Bakin wandon ne yake jan ƙasa. Na ja shi sama, na yi taku goma ya sake sauka. Har filin idi ina tafe ina ja, yashi yana shiga, farar shadda tana komawa ja. Na dama yana tsaye daidai idon sawu, na hagu yana shara. A hanyar dawowa wani abokin aikina da muka shekara takwas tare ya tsayar da ni ya ce, "Ka ji ciwo a ƙafa ne? Na ga kana ɗingishi." Wata rashin lafiya ce ta taɓa ni ina ƙarami, ban ma tuna ta ba, ta bar mini wannan tafiyar. Na daɗe da daina tunaninta, don na daɗe ban ga wani ya kalli ƙafar ba. Rannan kowa ya kalla.

Washegari na je Tasawa gaida Gwaggo. Tana zaune a inuwar rumbu tana tsince wake. Taubashina ba ya nan, aka ce ya fita tun da ya ji ƙarar babur. Bayan gaisuwa ta dubi bakin wandona da ya fara zarewa, ta daɗe tana kallo.

"Ya auna ka ke nan," ta ce.

Na ce ya auna ni.

"Ɗana, ka san wandon kaki da ka tahi da shi kwalejin Maraɗi? Shi ne ɗinkinshi na hwarko. Ya gama, ya sa ma, ya ga shina ja. Kana tahiya salla ya warware, ya rage yatsa biyu. Na ce mai mi kake yi, ya ce kada in hwaɗa ma, ba ya son a dinga kallon ƙahwar ƙanenshi a garin mutane. Tun ran nan haka yake yanka ma. Mi zai yi da metir? Metir ƙahwa ɗaya ya sani."

 Ta ci gaba da tsintar wakenta.

"Duk wasan da kuke, ya taɓa taɓa ma ƙahwar nan?"

Na koma baya shekara talatin da wani abu ina nema. Sanƙo, tabaro, zakara, babur, faransanci. Mutumin da bai bar ko yadda nake atishawa ba, bai taɓa cewa uffan a kan abin da kowane yaro a unguwa ya fara gani ba. Shi ne na ɗauki wannan ɓoyayyen alherin na mayar abin dariya, na raba wa duniya.

Na ce, "Gwaggo, ai na ba shi haƙuri. A rubuce ma."

Ta ture faifan gefe. "Shi ne babbar ɓarnar. Wa ya taɓa ba tobashi haƙuri? Da ka yi mai sharri dariya ya yi, ya shigo nan shina hwaɗa mini yadda zai rama. Matan da suka tahi bai ko ambace su ba. Sai ga ta biyun. Ya karanta mini ita sau biyu, ya aje salula, bai sha ruwa da mu ba ran nan. Wani tela. Ɗana ne wani tela? Kai ne ba ka da matsala da shi, kamar wanda kuka gamu a mota? Takarda biyu ka rubuta, ko a ɗaya ba ka ce ɗan'uwanka ne ba."

Na hau babur na dawo, wandon a naɗe zuwa gwiwa. Na yi kuka a hanya, ba na ɓoyewa, wajen wata gona mai gawo da yawa na tsaya sai da na gama.

Rubutu na uku ya ɗauke ni kusan wata biyu. Na san abin da zan faɗa, faɗin ne ya gagara. Dole in yi maganar ƙafata, abin da ko da maiɗakina ban taɓa zama na yi ba. Duk lokacin da na kusa wurin sai sakataren ya leƙo ya miƙo mini manyan kalmomi in ɓuya a bayansu. Ya ba ni "lalura", ya ba ni "ƙalubalen rayuwa". Na cika kaye guda da irin waɗannan na yage. In na shimfiɗa tabarma in karanta da ƙarfi, sai in ga ba kowa a gabana. Ashe duk abin da mutane ke yabo a rubutuna, da shi nake magana, shi kuwa ya tashi.

Ranar da aka yi ruwan shuka na farko na dawo daga gona da taɓo a ƙafa, na zauna ban ko wanke ba, na rubuta a saman shafi: "Kai bawana." Daga nan hannuna ya saki. Na ce telan nan na ƙarƙashin bedi ɗan Gwaggona ne, taubashina, kuma har gobe bawana ne ko ya ƙi ko ya so. Na ce mutumin Isawan mai zagaye kasuwa ƙaryata ce, amma wando mai gajeriyar ƙafa gaskiya ne, wandon nawa ne, ƙafar ma tawa ce. Na ba da labarin kakin Maraɗi. Na ba da labarin filin idi da yashin da na share wa gari kyauta. Na ce idonsa ya ga abin da metir bai gani ba, ya rufa mini asiri shekara talatin, ni kuma da tabarona da takarduna sai da aka ja ni a ƙasa kafin in gane. Ban nemi afuwa ba. A ƙarshe na ƙara da cewa duk da haka jama'a su yi hattara da shi a wurin walima, don in ya zauna kusa da kwano ba ya sanin ɗan'uwa.

Ban karanta sau uku ba. Na sake shi haka nan.

Mutane suka yi ta magana a ƙasa, fiye da kowane lokaci. Wani ya ce ya tuna yayansa, wata ta ce ta kira taubashiyarta da suka shekara ba su gaisa ba. Direban Tasawa ya ce mini yanzu har akwai masu zuwa shagon su ce su ma da ido suke so a auna su. Duk na ji daɗi, amma ba su nake jira ba. In salula ta yi ƙara sai in yi wuf in duba, wani ne. Gero ya tsiro, aka fara noman farko, aka fara kawo raguna kasuwa. Babbar salla ta matso ban kai ɗinki ba. Ba zan iya sake tsayawa a auna ni ba, kuma ba zan iya shiga shagon wani ba. Na ce wa maiɗakina ta wanke mini tsohon kaya.

Saura kwana uku salla, ina buro da hantsi ina buga tampo, direban ya leƙo ya ajiye ƙunshi a kan tebur ya ce daga Tasawa. Bai fita ba salula ta yi ƙara.

"Kai bawa. Na ga abin nan naka. Ya yi tsawo, ya hi wandon ƙaramar salla jan ƙasa. Kuma ƙarya kake, kai ne mai cinye nama, duk dangi shaida ne. Ga tsumma nan na aiko ma, kada ka je idi ka kunyata ni. Ran salla ka taho da wuri, akwai kan rago da za ka babbake wa ubangidanka."

Na saurara sau huɗu, mutane suna tsaye da takardu suna jirana. Sannan na kwance ƙunshin. Shadda ce ruwan toka, riga da wando. Na ture dosiyen takardu gefe na shimfiɗa wandon a kan tebur ɗin meri, na ninka shi biyu, na jera bakin ƙafafun. Na ɗora yatsuna biyu a wurin da ta hagu ta tsaya, suka cike shi daidai.